'Yata ta ƙi cin burodin shinkafa, tana cewa kamar yashi

Assalamu alaikum Anti. Ina da 'ya mai shekara 9. Wata 4 ke nan da likita ya tabbatar tana da cutar siliyak, aka hana ta duk abin da aka yi da alkama. Ita kuwa ba ta da abincin da ya wuce burodi. Na samo mata ƙananan burodi na garin shinkafa, irin na leda da ake sayarwa a kanti, wanda aka rubuta babu gulutin a cikinsa. Gutsura ɗaya ta yi ta ce kamar yashi, wai yana shaƙe ta. In na sa mata a kwanon makaranta, haka yake dawowa a marmashe. Ina ajiye shi a firji don kada ya lalace, amma kullum ƙara tauri yake yi. Babanta ya ce in daina lallashi, da babu gara ba daɗi. Wani lokaci ma yakan ce a ɗan gutsura mata na 'yan'uwanta don ta daina kuka. Yaya zan yi da burodin nan har ta ci shi da daɗi?

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba yarinyar nan lafiya, ya ƙara miki juriyar kula da ita.

Gaskiya 'yarki ta faɗa. Burodin garin shinkafa da aka ciro daga leda ko daga firji aka miƙa wa yaro da sanyinsa, yashi-yashi yake yi a baki, kuma yana tsayawa a maƙoshi. Babba ma sai ya bi shi da ruwa yake iya haɗiyewa. Kada ki ɗauka tsirfa ce ko shagwaɓa. Abin da nake so ki riƙe shi ne, wannan burodi abinci ne da kamfani ya fara, ke za ki ƙarasa a kicin ɗinki. Sai ya ga wuta, ya sami ɗan danshi da ɗan maiƙo, sannan yake zama abin ci. In kin san dalilin haka, sauran dabarun da kanki ma za ki riƙa ƙirƙiro su.

A cikin alkama akwai wani furotin da ake kira gulutin. In aka kwaɓa fulawa da ruwa, shi ne ke yin danƙo, ya shimfiɗu a cikin kwaɓin kamar raga, ya tare iskar da yis ke fitarwa. Da haka burodi ke tashi, ya yi laushi, ya riƙa jayuwa in an yage shi. Sha'ir ma yana da irinsa, haka hatsin nan na ƙasashen sanyi da ake kira rai. Shinkafa ba ta da shi ko kaɗan. Shi ya sa ta dace da 'yarki, tun da gulutin ne ke lalata hanjin mai siliyak, shi ya sa kuma burodinta ba shi da abin da zai riƙe shi. Masu yin sa sukan cike gurbin da sitacin rogo, na dankali ko na masara, su ƙara wani abu mai danƙo kamar zantan ko ɓawon irin siliyum, wasu su sa ƙwai. Juya ledar ki karanta, za ki tarar da yawancinsu. Ke nan abin da ke hannunki kusan duk sitaci ne.

Shi kuma sitaci ga halinsa. A cikin zafin gashi yakan sha ruwa, ya kumbura, ya yi taushi. Da ya huce sai ya fara ɗaurewa, yana matse ruwan da ya sha, burodin ya yi tauri ya riƙa marmashewa ko da ledar a rufe take ruf. Burodin alkama ma yana yin haka in ya kwana biyu, sai dai danƙon gulutin yana rufa masa asiri. Wannan ɗaurewar ta fi sauri a sanyin firji, wajen digiri 4, fiye da yadda take yi a cikin ɗaki. Kin sa shi a firji ne don ki tsare shi daga fumfuna, kuma tunani ne mai kyau, amma firjin ne ke ƙeƙasar da shi. Ki fitar da shi yau.

Wurin ajiyarsa firiza ne. A sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, ruwan cikin burodin yana daskarewa, ɗaurewar sitacin ta tsaya cak. Ledar da ba a buɗe ba, ki bi abin da aka rubuta a jikinta, don wasu kamfanoni suna hura wata iska a ciki da ke hana fumfuna, irin wannan yana iya zama a kabad har ranar da aka rubuta. Amma da zarar kin farke ledar, wannan kariyar ta tafi. Ki ware wanda za a ci yau da gobe, ki ɗaure shi da kyau. Sauran ki tsaga kowane curi gida biyu tun kafin ya daskare, da wuƙa mai haƙora irin na zarto, kina jan ta a hankali ba tare da dannawa ba. Ki zuba a leda mai zif, ki matse iskar, ki sa a firiza. Tsagawar nan tana da amfani sosai, domin da safe ba sai kin jira ya narke ba, daga firiza sai kasko. In kuma wutar firizarki ba ta da tabbas, gara ki riƙa sayen ƙaramar leda da za ta ƙare cikin kwana 2, don burodin da ke narkewa yana sake daskarewa jiƙewa yake yi ya lalace. Duk curin da kika ga ɗigon fumfuna a kansa, ki zubar da shi gaba ɗaya, kada ki yanke wurin ki ba ta sauran.

Waɗanda suka riga suka yi tauri a firji ba su zama asara ba. In zafin cikin burodi ya kai wajen digiri 60, sitacin yana sake sakin jiki, laushin ya dawo. Sai dai ba ya daɗewa. Burodin da aka ɗumama, in ya sake hucewa, ya fi na farko tauri. Don haka ki riƙa ɗumama iya abin da za a ci a take, kuma yarinyar ta riga ta zauna kafin ki sauke.

Hanyar da na fi so, kuma ita nake so ki fara da ita, kasko ce. Ki ɗora shi a wuta matsakaiciya, ki sa ɗan bota ko man zaitun, ki kifa ɓarin burodin ta wajen da aka yanka. Ki bar shi minti 2 ko 3 har fuskar ta yi ja. Daga nan ki ɗiga ruwa kamar ƙaramin cokali 1 a gefen kaskon, nesa da burodin, ki rufe da murfi na kusan rabin minti. Tururin zai ratsa cikinsa ya tausasa, fuskar kuma ta riga ta yi ƙaras-ƙaras. Wannan soyayyiyar fuska ita ce ke riƙe burodin kada ya wargaje a hannu, ita ce kuma ke kawo ƙamshin da garin shinkafa ba shi da shi da kansa. Burodin irin wannan yakan ɗan fi na alkama jinkirin yin ja, to kada ki ƙara wuta don gaggawa, ki ba shi lokacinsa.

In da yawa za ki ɗumama, obin ya fi. Ki jiƙa hannunki ki shafa wa kowane curi ruwa a bayansa, ki jera a faranti da kika shimfiɗa wa takardar foyil, ki sa a digiri 180 na minti 5 zuwa 8. In daga firiza yake kuma ba a tsaga ba, ki ba shi minti 10 zuwa 12. In kina son ɓawon ya yi laushi, ki naɗe shi a foyil ɗin, in kuma ƙaras-ƙaras take so, ki bar shi a buɗe. Ki duba ledar tukuna, domin akwai waɗanda rabin gashi kawai aka yi musu a kamfani, an rubuta sai an ƙarasa a gida. Mutane da yawa ba sa lura da wannan, su ci shi haka, su ce ba daɗi. Madambaci ma yana aiki: minti 3 a kan tururi yana ba da burodi mai taushi sosai, wanda ya dace da yaron da ke kukan shaƙewa. Maikirowef kuwa na ranar sauri ne. Ki naɗe curin a takardar kicin mai ɗan danshi, daƙiƙa 10 zuwa 15, a ci nan take. In ya wuce haka danƙo yake yi, in ya huce ya ƙandare.

Ranar farko kada ki cika shi da kaya. Ɓari ɗaya daga kasko, da zafinsa, bota na narkewa a kai, da ɗan zuma in tana so. Manufar ita ce ta gane cewa abin da ta ɗanɗana a baya da wannan ba ɗaya ba ne. Ki ba ta ƙarami, kada ki tsaya a kanta kina kallon bakinta, kuma in ta ci rabi ta ajiye, ki ɗauke ba tare da magana ba.

Bayan haka sai ki shigo da ƙwai, wanda a ganina shi ne babban abokin wannan burodi. Ki fasa ƙwai 1, ki zuba madara babban cokali 3, da ɗan gishiri, da kirfa in tana son zaƙi. Ki yanka curin fale-fale mai ɗan kauri, ki tsoma. Ga wani abin lura: burodin shinkafa ba ya shan ruwa da sauri kamar na alkama, amma in ya sha ya wuce kima narkewa yake yi. Ki ba kowane gefe kamar rabin minti, ki ɗaga da faffaɗan cokali, ki soya a ɗan bota har gefe biyu su yi ja. Ƙwan yana shiga ƙofofin burodin ya daskare a ciki, ya yi aikin riƙon da gulutin ke yi. Yaran da suka ƙi burodin nan ta kowace hanya sukan karɓe shi a haka. A ci da yankakkiyar ayaba, ko a bar kirfa a sa albasa da tumatir a cikin ƙwan.

Da daddare, in akwai miya ko romo, ki kwaɓa bota da dakakkiyar tafarnuwa da ɗan gishiri, ki shafa a fuskar burodin, ki gasa a obin har gefensa ya yi ja. Gasasshen burodi yana jure tsomawa a romo, ɗanye kuwa dagargajewa yake yi a cikin kwano. Wannan kowa a gidan zai miƙo hannu, kuma ina so su miƙo, zan dawo kan dalili.

Akwai kuma ƙaramar fiza, wadda yara ke so don su ke haɗa ta. Ki fara gasa ɓarin burodin shi kaɗai na minti 3 don kada miyar ta jiƙa shi. Sannan ki ba ta cokali ta shafa soyayyen tumatir mai kauri, ta barbaɗa cuku, ta ɗora abin da take so, kaza ce ko tattasai ko masara. A mayar obin har cukun ya narke. Haka in kin soya niƙaƙƙen nama kin yi faifai da shi daidai girman curin, kin sa latas da yankan tumatir, ta sami baga irin wadda take gani a hannun sauran yara. Sai dai ki haɗa naman da kanki, domin wanda ake sayarwa a shirye sau da yawa ana sa masa garin burodin alkama don ya kama jikinsa.

Kwanon makaranta shi ne mai wuya, don a can babu wuta, kuma ba zan ce miki zai kai daɗin na gida ba. Amma ana iya rage matsalar sosai. Ki gasa fuskokin biyu da safe, ki bar su minti 2 tururin ya fita, in ba haka ba zai yi gumi a cikin leda. Ki shafa maiƙo har bakin gefe, bota ko man gyaɗa ko markaɗaɗɗen afokado, don shi ne ke hana burodin bushewa, ya kuma hana ruwan abin da ke ciki ratsa shi. Abin da za ki sa a tsakiya ya zama mai laushi da ke manne kansa: dafaffen ƙwai da aka murƙushe da mayonis, ko kifin gwangwani da aka dama, ko zarazaran kaza da aka juya a ɗan miya mai kauri. Busasshen yankan nama a tsakanin busasshen burodi, shi ne ke dawowa gida. Tumatir da kokwamba ki sa su a wani ɗan mazubi dabam. Ki naɗe burodin tam, ki yanka shi gida biyu yadda zai shiga baki ba sai ta yi ta gutsura yana zuba a jikinta a gaban ƙawaye ba. Wannan zubar tana damun yara fiye da yadda muke zato. In kwanon zai yi sa'o'i a wuri mai zafi, ki guji mayonis da kifi sai in da ƙanƙara a jakar, ki koma man gyaɗa da ayaba, in makarantar ba ta hana gyaɗa ba. Wanda aka soya da ƙwai shi ya fi duka jure sanyi, ki yanka shi tsaye-tsaye ta ɗauka da hannu.

Wanda ya bushe ƙwarai, ko marmashin da ya taru a ƙasan leda, kada ki zubar. Ki ƙara busar da shi a obin, ki niƙa a bilenda, ki adana a kwalba mai murfi. Da shi za ki riƙa turbuɗe kaza ko kifi bayan kin tsoma a ƙwai, kuma sitacin shinkafa yana ba da ɓawo mai ƙaras-ƙaras ƙwarai a suya. Ko ki yanka shi ƙanana, ki juya da mai da gishiri, ki gasa minti 10, a watsa a kan miya ko salak. In sun kai curi 4, ki yayyaga su a kwanon gashi, ki kaɗa ƙwai 2 da madara kofi 1 da rabi da sukari da kirfa, ki zuba a kai, ki bari ya jiƙa minti 20, ki gasa a digiri 180 na kusan rabin awa. A nan taurin ma amfani yake yi.

Abin da ake sawa a cikin burodin yana da muhimmanci fiye da daɗi kawai. Irin wannan burodi yawanci furotin ɗinsa kaɗan ne, haka faiba mai taimakon hanji. Fulawar alkama a ƙasashe da yawa doka ta sa ana ƙara mata sinadarin ayon da wasu bitamin, shi kuwa sau da yawa ba a ƙara masa komai. Yaron da aka gano yana da siliyak kuma sau da yawa yana zuwa da ƙarancin jini, saboda hanjinsa ya daɗe ba ya tsotsar ayon yadda ya kamata. In ta ci burodin shi kaɗai da shayi, zai narke da wuri, yunwa ta dawo kafin a tashi tara. Don haka kowane curi ya tafi da ƙwai, nama, kifi, wake ko gyaɗa, da ɗan ganye ko 'ya'yan itace a gefe. Kada kuma ya zama safe shinkafa, rana shinkafa, dare shinkafa. Shinkafa ta fi sauran hatsi ɗaukar sinadarin asanik, mai cutarwa in ya yi yawa a jiki, daga ƙasa da ruwan da take tsaye a ciki, shi ya sa masana abinci ke son a riƙa sauya wa yara da dankali, masara, gero da makamantansu. Ba abin tsoro ba ne, sauyawa kawai ake so.

Na ambaci madara da cuku sau da yawa, to ki lura da wannan. Sinadarin da ke narkar da sukarin madara a saman wasu 'yan ƙananan yatsu-yatsu na bangon hanji yake, waɗanda cutar siliyak ke lalatawa. Saboda haka wasu yara a watannin farko madara tana kumbura musu ciki ko ta sa su gudawa, har sai hanjin ya warke. In kin ga haka, kada ki ɗora wa burodin laifi. Ki gaya wa likitanta, ki yi amfani da man zaitun da madarar da ba ta da wannan sukarin kafin nan.

Rubutun jikin leda kuwa, ki karanta shi duk lokacin da kika saya, ko da irin wanda kika saba ne, don kamfanoni suna sauya haɗi. Ganin an rubuta shinkafa bai wadatar ba. Akwai burodin shinkafa da ake haɗawa da fulawar alkama don ya tashi, akwai kuma kayan shinkafa da ake zaƙaƙawa da malt, wanda daga sha'ir ake yin sa. Abin da za ki nema shi ne a rubuta ƙarara cewa babu gulutin, ko ki ga alamar zangarniyar hatsi da aka ja wa layi. Ƙa'idar da hukumar Codex ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ita ce kada gulutin ya wuce miligiram 20 a cikin kilo 1 na abinci, kuma a kan wannan adadi Tarayyar Turai take, haka Amurka tun dokarta ta 2013. Ki duba ƙanƙantar adadin. Shi zai nuna miki cewa marmashin burodin alkama a kan wuƙa ba ƙaramin abu ba ne. Ki karanta har abin da za ki shafa ko ki zuba: miyar waken soya ta kwalba yawanci da alkama ake yin ta, wasu dunƙulen ɗanɗano da sosej ma suna da ita.

Wannan ya kawo mu kicin. Tun da 'yan'uwanta suna cin burodin alkama, na'urar gasa burodi da suke amfani da ita ba ta 'yarki ba ce, ƙasanta cike yake da marmashi. Ko ki saya mata tata, ko ki tsaya a kasko mai tsabta da obin da aka shimfiɗa wa foyil. Ta sami botarta da kwalbar man gyaɗarta, a rubuta sunanta a kai, domin wuƙar da ta shafi burodin alkama ta koma cikin kwalba ta gama ɓata ta. Katakon yanka ma nata dabam, tun da katako yana riƙe gari a tsagoginsa. Ki fara haɗa nata kafin na kowa, da wankakken hannu, ki rufe, sannan ki taɓa nasu. A kabad da firiza, nata a sama, nasu a ƙasa, don kada wani abu ya zubo. Man da aka soya abu mai fulawa a ciki, ba a soya nata da shi.

Maganar maigida ita ta fi damuna a wasiƙarki. Na san tausayi ne ke sa shi cewa a gutsura mata, ba ya son ganin hawayenta. Amma siliyak ba ta san kaɗan ba. Duk lokacin da gulutin ya shiga, garkuwar jikin yarinyar tana juyowa ta afka wa bangon ƙaramin hanjinta, ko ta yi ciwon ciki ko ba ta yi ba. Rashin kuka bayan ta ci ba shaida ce ta cewa bai yi ɓarna ba, kuma ɓarnar tana fitowa ne a girmanta, da jininta, da ƙashinta. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙar cutar da alkama. A yunwar da aka yi a ƙasarsu a 1944 zuwa 1945, lokacin da burodi ya yi wuya, yaran da ke fama da cutar sun samu sauƙi, da burodi ya dawo ciwon ya dawo. Har yau babu wani magani da ya wuce barin gulutin gaba ɗaya, tsawon rai. Kada ki yi gardamar nan da shi a gaban yara. Ki roƙe shi ya raka ku ganin likita na gaba, ya ji daga bakinsa, ya yi tambayoyinsa da kansa. Batun da babu gara ba daɗi kuwa, magana ce ta wanda zai yi haƙurin kwana biyu. Yarinyar da za ta rayu da wannan tsari har tsufanta tana bukatar abincin da take marmari, in ba haka ba ranar da ta fara fita ita kaɗai za ta ci abin da ta ga dama a ɓoye.

In kun je, ki tambayi likitan batun gwada sauran yaran da ku iyaye. Cutar tana bin jini, kusan mutum 1 cikin 10 na dangi na kusa yana iya samun ta, wani ba tare da wata alama ba. Gwajin kuma yana bukatar mutum yana kan cin alkama, don haka kada ki hana su ita gaba ɗaya kafin a gwada.

Amma sau ɗaya ko biyu a mako, ki sa kowa ya ci irin nata. Kukan da take yi in ta ga burodin 'yan'uwanta, rabinsa na burodi ne, rabinsa na ganin an ware ta ne da faranti dabam da abinci dabam. Ranar burodin tafarnuwa ko ranar fiza, ki jera a babban faranti ɗaya a tsakiya, babu na wane da na wance, babanta ya fara ɗauka. Ki hana kowa kiran sa burodin mara lafiya, ke ma kada ki riƙa ce mata ci don ki warke. Kada kuma ki ce mata daidai yake da na alkama, ta san ba haka ba ne, za ta daina yarda da ke a kan sauran abubuwan. Ki ce mata wannan wani irin burodi ne da ake ci da zafi, ki koya mata ɗiga ruwan nan a kasko da rufe murfi kina tsaye kusa da ita. Mai shekara 9 za ta iya, kuma abin da yaro ya gasa da hannunsa da wuya ya ƙi ɗanɗanawa.

In kin yi mako 2 kina gwada waɗannan ta ci gaba da ƙi, to wataƙila irin da kika saya ne bai yi ba, don bambancin da ke tsakanin kamfani da kamfani a wannan burodi yana da yawa ƙwarai. Ki sayo ƙananan leda na wasu iri 2, ki fi karkata ga wanda aka lissafa siliyum ko ƙwai a cikin kayan haɗinsa, don sun fi riƙe danshi. Ki gasa ɓari ɗaya na kowanne a kasko ɗaya, ki ajiye mata ba tare da ta ga ledojin ba, ta zaɓa da kanta. Wanda ta nuna, shi za ki riƙa tsagawa kina sawa a firiza.